Tukwanen Fure Uku a Zauren Malam

Kun sha tambayata abin da ya sa idan muka je Zurmi ba na zama a sahun 'yan'uwana a zaure, sai in raɓe bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. Kun kuma ji baffanninku suna ce mini malamin hure, kuna dariya, ni ma ina taya ku, don a bakinku sunan ba ya yi mini ciwo. Na san labarin ya zo muku guntu-guntu. Wani ya ce muku boko ne ya hau mini kai, wani ya ce na ci mutuncin mahaifina a gaban ɗalibansa. Na biyun bai rasa gaskiya a ciki ba, shi ya sa har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. To ga yadda aka yi, daga bakin wanda ya ɗauki tukwanen.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kaura Namoda. Akwai darasin gado, wato yadda 'ya'ya ke ɗauko kamannin iyaye, kuma littafin da muke bi ya kawo misali da wani fure: a haɗa ja da fari, 'ya'yansu su fito ruwan hoda. Ɗalibaina 'ya'yan manoma ne, sun fi ni sanin gero da dawa nesa ba kusa ba, amma fure a wurinsu ciyawa ce da ta yi kwalliya. Su haddace, su zuba mini a jarrabawa, amma ina duban idonsu na san sun ɗauka tatsuniyar Turawa ce. Ni kuwa Allah Ya yi ni da naci, kun sani. Wata rana da yamma ina wucewa ta bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, sai wani ƙamshi ya tare ni. Na leƙa ta inda katanga ta zube, sai ga furen littafina a tsaye cikin juji, wasu ja wur, wasu fari fat, waɗanda suka shuka su sun daɗe da komawa garuruwansu. Na tono saiwa biyu masu kama da ƙaramin rogo, na ƙunsa a hula na kawo gida. Ban san sunansa da Hausa ba, ban kuma taɓa samun wanda ya sani ba. Mahaifiyarku Saratu ce ta raɗa masa ɗan la'asar, saboda duk yini a tsuke yake kamar mai fushi, ba ya buɗewa sai an sauko daga sallar la'asar. Ku riƙe wannan halin nasa, don shi ya jawo mini abin da ya jawo.

Haɗa su aikin mai haƙuri ne da siririn hannu, ni kuwa hannuna bai saba da komai ba sai alli da dukan tebur. Kafin furen ya buɗe sai an tsaga shi a hankali an cire 'yan zarurrukan da ke ɗauke da rawayan gari, don kada ya yi wa kansa barbara, sannan a lakato garin ɗayan da gashin kaza a shafa masa, a rufe da ƙyalle a ɗaure. Waɗanda na lalata Allah kaɗai Ya san yawansu. Saratu tana kallona daga bakin murhu har haƙurinta ya ƙare.

"Miƙo nan," in ji ta. "Ka kama hure awa mai hiɗar akuya."

Da allura ta yi aikin, a tsugune, zani ɗaure a ƙugu. Ita 'yar manoman Galadi ce, na gan ta lokacin da nake aiki a Shinkafi, na kafe sai ita. A gidanmu na Zurmi, gidan alƙalai da limamai, an karɓe ta da fara'a irin wadda ba ta wuce haƙora.

Irin ya nuna, baƙi kamar masoro, muka shuka. Dukkansu suka fito ruwan hoda, babu ja babu fari, kai ka ce iyayen sun narke a cikinsu. Da muka sake shuka irin waɗannan masu ruwan hodar kuma, sai ga ja ya dawo, fari ma ya dawo kamar bai taɓa ɓata ba. Idan aka tara su da yawa, rabi ruwan hoda ne, sauran rabin ja da fari su raba. Dalilin ba shi da wuya. Kowane tsiro rabo biyu yake riƙe da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai ruwan hoda yana da ja ɗaya da fari ɗaya, shi kansa bai san wanda zai miƙa wa ɗansa ba. Fari ba ya fitowa sai kowane ɓangare ya ba da fari. Kuma abin ba bi da bi yake yi ba: akwai layin da fari ya fito uku a jere, akwai layin da babu ko ɗaya.

Ni launi nake bi, ita ƙamshi. Jan da na fara kawowa ƙamshinsa har waje, farin kuwa sai ka kafa masa hanci. Ita farin take so, amma da ƙamshin jan. Na ce mata littafi bai yi maganar ƙamshi ba.

"To ai littahin ba shi da hanci," ta ce, ta ci gaba da abin da take yi.

Ƙamshi ya ƙi bin lissafina. Ba ya rabuwa gida uku tsaf kamar launi; akwai mai ƙarfi, akwai dama-dama, akwai wanda sai ka yi masa kyakkyawan zato. Da alama abubuwa da yawa ne ke taruwa su yi shi, kuma hanyarsa daban da ta launi, har ma tsiro ɗaya ƙamshinsa ranar zafi ba shi ne na ranar da aka yi ruwa ba. Duk yamma sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, wanda ya yi mata ta ɗaura masa baƙin zare. A cikin jikokin ta samu farin da take nema. Danginsa ne waɗannan da ke bakin rijiya, waɗanda nake hana jikokina tsinka.

Kada ku ɗauka nishaɗi ne ya yi mana yawa. Duk wannan muna yin sa ne da makoki a cikin gida, ina jin ma shi ya sa muka riƙe shi da ƙarfi, don ya ba mu abin faɗa wa juna da yamma. Yayanku Abba, mai sunan mahaifina Malam, bai cika shekara uku ba. Hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta ihu ko zani ya taɓa shi, idonsa ya yi rawaya, zazzaɓi ya tafi ya dawo, har wanda ya tafi da shi. A'isha ta bi bayansa tun ba a yaye ta ba, da irin ciwon sak. Daga nan aka fara furta kalmar a Zurmi, wai Saratu mai wabi ce, wato macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa. Kalmar kuwa tana da tarihi a gidanmu. Kafin Inna mahaifiyata, Malam ya auri wata mata Kulu, 'yar Gurbin Bore, 'ya'yanta uku suka rasu ƙanana, aka mayar da ita gidansu tun ba a haife ni ba. Ba a ambaton sunanta. Mu ma mun san shi ne idan wata tsohuwa ta yi suɓul da baka.

Da muka je Zurmi bayan rasuwar A'isha, ina zaure ina karɓar gaisuwa, ashe tsofaffin gida sun shigar da Saratu ɗaki. Suka tatsi nononta a ludayi, suka jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ta yi 'yar fafutuka ta mutu, kamar yadda kowace tururuwa za ta mutu idan aka jefa ta a ruwa. Shi ke nan shari'a ta ƙare, nononta ne ke kashe 'ya'ya. Aka haɗo ta da ƙullin sassaƙe masu ɗaci. Ba ta gaya mini ba sai a kan babur muna komawa Kaura, ta kifa goshinta a bayana tana magana, don kada ta ga fuskata. Gara da ba ta gani ba. Kunyar gidanmu ta kama ni har na kasa ce mata ko sannu.

Da ta samu cikinki, Zainabu, na kai ta babban asibiti a Gusau. Likitan ya saurari yadda yaran suka rasu, ya ce a ɗebi jininmu mu biyu. Da sakamako ya fito ya ce sikila ce ta kashe su. Mu ba mu da ciwon, amma kowannenmu yana ɗauke da rabinsa a ɓoye. Ya jawo takarda ya fara zana 'yan akwatuna huɗu zai yi mini bayani. Na ce ya bar shi. Akwatunan da nake zana wa yara a allo ne duk shekara, su ne kuma nake ba ruwa kullum da safe a bayan ɗakina. Ni da Saratu masu ruwan hoda ne, Abba da A'isha su ne farare. A bakin ƙofar asibitin na faɗa mata haka, da yaren furenta, ta gane tun ban rufe baki ba.

"Ashe ba nonona na ba," ta ce. Ta zauna a kan dakali ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne A'isha.

Bayan an yi sunanki da 'yan kwanaki, babban wanmu Yaya Sani ya zo Kaura da saƙon Malam. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

"Malam ya ce in an yi arba'in a mai da ita Galadi ta huta. Jinjirar kuwa a kawo ta Zurmi, matata na goyo, ta haɗa su ta shayar."

"Hutun har yaushe, Yaya?"

"Kai ma ka san irin hutun."

Na sani. Ban taɓa ce wa Malam a'a ba tun da na yi wayo, kuma idan da littafi za a yi, kafin in buɗe baki ya naɗe ni. Tsohon alƙali ne, wanda ake kawo wa rabon gado daga ƙauyuka ya yi lissafin a ka, mai alƙalami bai gama jan layi ba. Idan na ce likita ya ce, zai ce likita bai san gidanmu ba. Abu ɗaya nake da shi wanda ido zai gani. Na tono guda uku, ja da ruwan hoda da fari, na dasa a tukwanen ƙasa. Farin Saratu ce ta zaɓa, mai baƙin zare. Na jera su a kwando na ɗaure a bayan babur, na bi ta tasha mutane suna nuna ni, namiji da gemunsa ya goyo furanni.

Da hantsi na isa, da nufin in samu Malam shi kaɗai. Na same shi kuwa. Ya dubi tukwanen, ganye kore shar, furanni duk a tsuke.

"Ina abin da za ka gwada min?"

"Allah shi gahwarta Malam, sai la'asar su ka buɗewa."

"To, sai la'asar."

Bayan la'asar kuwa shi ne lokacin karatun zaure. Manyan ɗalibai, limaman ƙauyuka, dattawan unguwa, masu kawo rabon gado, duk a lokacin suke cika shi har waje. Tun ina rarrafe na san haka, amma kaina ya cika da fure. Ina gefen katanga ina kallon tukwanena suna buɗewa, zaure yana cika, sai na ji muryarsa.

"Dahiru, lokacinka ya yi. Shigo da su."

"Allah shi gahwarta Malam, magana ta ta cikin gida. In an tashi..."

"Waɗanga dut 'yan gida na. Wanda yaɗ ɗauko tukwane tun daga Kaura ba ɓoyo yaz zo yi ba."

Na shigo da su ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a gaban buzunsa, kusa da littattafai. Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ƙamshin farin ya cika zauren, wurin da ban taɓa jin ƙamshin komai ba sai tawada da turaren Juma'a. Na durƙusa na fara bayani. Na ce wannan da wannan suka haifi wannan. Na ce mai ruwan hoda lafiyarsa ƙalau, amma yana riƙe da fari a ɓoye, kuma idan ya haɗu da irinsa, a cikin 'ya'yansu fari zai fito. Na ce haka wani ciwon jini yake bi a cikin mutane, shi ya ɗauke Abba da A'isha, ba nono ba ne.

"Yanzu kai jinin gidanga za ka gwada da haki?" in ji Yaya Sani. "Gaban Malam?"

Malam ya ɗaga masa hannu. Idonsa yana kan tukwanen, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa yadda yake yi idan an kawo masa gado mai sarƙaƙiya.

"Uwa na da biyu, uba na da biyu. Huska huɗu ke nan. Hwarin ɗaya cikin huɗu. Rubu'i."

"Haka na, Malam."

"Kuma ba shi hitowa sai uwa ta ba da, uba ya ba da?"

"Ba shi hitowa."

"Kai an gwada ka?"

"An gwada ni."

"Kana da shi?"

"Ina da shi."

"To kai daga ina kas samo shi?"

Nan ne na ga ramin da na haƙa. Wallahi tun daga Kaura har Zurmi Saratu kaɗai ke raina. Ko sau ɗaya ban bi lissafin ya wuce kaina ba. Na ce ko daga wurin Inna, ko kuma... ban ƙarasa ba, don Malam ne kaɗai ya rage. Malam ya tambaye ni, a hankali, ko yaran kafin su rasu hannuwansu sun kumbura, ko idonsu ya yi rawaya, ko suna ihu idan an ɗauke su. Jikokinsa ne, amma a Kaura suka yi jinya, rasuwarsu kawai aka gaya masa. Na ce e, duk sun yi. Ya daɗe yana kallon farin furen.

"Haka ɗiyan Kulu sunka yi," ya ce. "Su ukun."

Dattawan da suka san sunan suka sunkuyar da kai. Malam ya rufe littafin da ke gabansa, ya miƙe, ya shiga gida ba tare da addu'ar tashi ba, abin da ba a taɓa gani ba. Takalmansa ma a nan ya bar su. Aka watse ɗaya ɗaya, kowa yana kauce wa idona, aka bar ni durƙushe a gaban tukwane uku. Na zo in wanke matata, na tuɓe wa mahaifina rawani a gaban mutanen da ya koya wa alwala. Ban yi ƙarya ba, kuma da za a sake da na sake faɗa, amma gaskiya ba ta hana ni jin kunya ba, har gobe.

Kafin sati ya zagayo magana ta gama gari, an ƙara mata gishiri: gidan Malam akwai ciwon jini. Mai neman ƙanwarmu ya janye ba sallama, ta yi shekaru kafin wani ya fito, kuma ba ta taɓa ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Yaya Sani bai sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba har ya koma ga Allah. Ba wanda ya ce in koma bakin ƙofa da zama. Ni na kai kaina, don ban iya zama a wurin da na durƙusa ran nan.

Amma na tsallake. Washegarin ranar, da aka dawo daga masallaci da safe, Malam ya kira ni ɗakinsa. A dare ɗaya ya zama tsoho.

"Na janye maganata," ya ce. "Amma kada ka ruɗi kanka, lissahinka bai ce ku zamna ba. Rubu'in na nan kowace haihuwa. Ka tahi ka gaya mata dut, kada ka rage komi, ita ta zaɓa. In ka gama ka dawo da babur ɗinka da tukwanenka, za ka kai ni Gurbin Bore."

Na gaya mata duka. Tana shayar da ke, Zainabu, da nonon da aka ce yana kisa, kuma a lokacin ba mu san ko ke wane launi ba ce. Sai daga baya aka gwada aka ce irinmu ce. Ta saurara har na gama.

"Da an kore ni da sunan wabi, da ban yahe ba har in mutu," ta ce. "Yanzu da anka ce in zaɓa, ina nan. Abin na mu biyu na, mu biyu za mu riƙe shi. Kuma Gurbin Boren ga da ni za a."

Ta zauna, ni ma na so ta zauna, kuma ba kyauta muka ci ba. Kai Nura, kai rubu'in ya faɗa wa. Duk daren sanyin da ka yi kana murƙususu, duk jinin da aka ƙara maka, daga wannan shawarar tamu suka fito, mu muka yanke kai ka ɗauka. Ba ka taɓa tuhumarmu ba, ni kuwa ban taɓa iya haɗa ido da kai a gadon asibiti ba. Shi ya sa na kafe babu wanda zai yi aure a cikinku sai an gwada jini, kuka ce na cika tsanani.

Ranar kasuwa muka tafi, don Saratu ta samu mota. Ni na goya Malam, kwandon tukwane a kan tanki. Yanzu hanyar ba ta biyuwa sai da shahada, amma a lokacin ba abin da ke tare mutum sai yashi da shanu.

Muka samu Iya Kulu a gidan ɗan wanta, a wani ɗaki can ƙurya kusa da turken awaki. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ya fara hazo. Tun da aka dawo da ita ba wanda ya sake neman aurenta. Matar gidan ta gaya wa Saratu cewa ba ta zuwa suna, ba ta zuwa barka. Da farko mata ne ke janye goyonsu idan ta shigo, daga baya ita da kanta ta daina shiga inda jariri yake. Aka shimfiɗa wa Malam tabarma a ƙofar ɗakin, ya ture ta gefe ya zauna a ƙasa, da rawaninsa da babbar rigarsa, a cikin kashin awaki. Na kau da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban san ko kunyar ganinsa a ƙasa ba ce ko ta ganin ɗakin da gidanmu ya ajiye ta.

"Kulu, ni na, Muhammadu."

"Na ji murya," ta ce. "Lahiya?"

"Gahwara niz zo nema. Yaron ga zai gaya miki."

La'asar ta yi, furanni sun buɗe. Na sake yin bayanin da na yi a zaure, wannan karon a hankali. Ba ta ganin launin sosai, sai da na ɗora hannunta a kan kowace tukunya ina faɗa mata. Na ce wannan na tsakiya ita ce, shi ne kuma Malam, kowannensu lafiya lau, kowannensu da rabin abin a ɓoye. Na ce ita kaɗai ba za ta iya ba, ko da ta so. Ta sa na maimaita wannan. Sannan ta ce,

"To wanne na ɗiyana?"

Na tura mata farin. Ta sunkuya ta kai hancinta, ta daɗe a haka.

"Ashe masu ƙamshi na," ta ce.

Malam ya rufe fuska da hannun riga. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, shi ma bai sake tambaya ba. Sai Saratu ta matso a kan gwiwoyinta, ta kwance goyo, ta miƙa mata ke. Tsohuwar ta yi maza ta mayar da hannuwanta baya kamar an miƙo mata garwashi.

"A'a, ɗiyata, rufa min asiri. Hannuna ba shi da kyau."

"Iya, ni ma haka anka ce min," in ji Saratu. "Karɓi jikarki."

Ba ta jira amsa ba, ta ɗora ki a cinyarta ta janye hannu, yadda dole a tare ki ko ki gangara. Hannuwan suka fito da kansu. Kika buɗe ido kika kama mata ɗan yatsa. Wannan ita ce tsohuwar da muke kai ku gaisarwa duk sallah kuna ƙanana, kuna tambaya ita wace ce tamu, ina ce muku ku dai gaishe ta. Ta riƙe ki har rana ta yi ja, Malam yana nan zaune a ƙasa. Can ta ɗan ɗaga ki sama kaɗan, ta sauke, ta juyo wajen Saratu.

"Ashe haka su ka da nauyi," ta ce. "Na mance."